Ranar da Aka Naɗe Tafkin Bado

Wata safiya cikin kaka matan Marken Tudu suka fita ɗiban ruwa da tulunansu, suka tarar babu tafki. Ba ƙafewa ya yi ba, don tafkin da ya ƙafe yakan bar taɓo da kwari da wari. Wannan ɗauke shi aka yi ɗungurungum. Ruwan, da badon da ke kansa, da jar gaɓar gabas, da tsamiyar da ke sunkuye a bakinsa, duk babu su. Sai fili fetal, sumul kamar daɓen ɗaki.

Tafkin Bado kuwa shi ne ran garinmu. Rijiyoyinmu zartsi gare su, ko jaki sai ya yamutsa fuska kafin ya sha. A tafkin muke sha, a bakinsa muke noman rani, nan shanu ke sauka. Kafin azahar dabbobi sun cika gari da kuka, wasu magidanta har sun fara zancen inda za su kwashe iyalinsu su koma.

Sarkin ruwa Jatau, tsohon masuncin da ya fi kowa sanin tafkin, ya durƙusa ya shinshina ƙasa, ya miƙe ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Wannan aikin mutanen ɓoye ne. Naɗe shi suka yi kamar tabarma suka yi arewa da shi. Ga ɗigonsa can." Aka duba, sai ga layin danshi siriri ya miƙe ya shige daji. Mai gari ya ce, "To, wa zai bi?" Nan fa 'yan kokawarmu da mafarautanmu, masu cika baki ranar kasuwa, kowa ya tsura wa babban yatsan ƙafarsa ido. Sai aka ji murya daga baya ta ce, "Ni zan bi." Aka waiwaya aka ga Arzika Mai Faso, wasu har da dariya.

Bari in gaya muku ko wane ne Arzika, don mu yanzu da shi muke tinƙaho. Mutum ne mai zanen ƙasa. Ba ya zana mutum, ba ya zana dabba, ya ce mai rai aikin Mai Sama ne. Nasa tudu ne da kwari, da ruwa, da itatuwa, da yadda hasken la'asar ke kwanciya a kan gona. Bai taɓa zane a ƙarƙashin rufi ba. Tun hantsi zai rataya gafakarsa, ya nemi wurin da ya yi masa, ya ɗame ƙyallen akoko a kan allo, ya zauna rana na dukansa har ta gaji. Kuma yana da doka guda wadda ba ya karyawa: ba ya zana wuri sai da ƙasar wurin. Zai yi sallama tukun, ya ɗebi jar ƙasa ko fara ko baƙar laka, ya niƙa, ya tankaɗe, ya dama da ruwan ƙaro. Shuɗi kuwa daga ganyen baba na rini yake samu. Da gashin jelar akuya yake shafawa, wani lokaci da tsinken da ya tauna bakinsa. Tafkin Bado ya fi zanawa, tun yana saurayi yake kansa, ya ce har yanzu bai gama ganinsa ba.

Takalmi ba ya zama a ƙafarsa, wai yana hana shi jin ƙasa. Shi ya sa dugadugansa suka tsattsage, faso ya yi rami-rami, har yara suka sa masa wannan suna. Matarsa Tasalla ta ajiye dutsen goge ƙafa musamman dominsa, kullum suna faɗa a kansa. Ko ranar tafiyar, da ta gama ƙulla masa guzuri, sai ta ɗauko dutsen ta ce, "Malam, zauna in gurje maka ƙafar nan. Ko alwala ba ta kaiwa ƙarshen ramukan nan. Wurin sarakunan aljanu za ka, kada ka je ka ba ni kunya."

Ya ce, "Tasalla, danshin nan bushewa yake yi. In na tsaya kwalliya, hanya za ta ɓace." Ya rataya gafaka ya fita, ta bi shi har ƙofar gida tana share hawaye da gefen zane, dutsen na hannunta.

Arzika ya bi danshi har daji ya ƙare, ya faɗa wata ƙasa mai launin toka. Sama toka-toka, ciyawa toka-toka, rana a tsaye cak ba ta motsi. Shanu ne cike da filin, ƙahoninsu na taɓo gajimare, sun toshe hanya ba wurin ratsawa. A tsakiyarsu wani dogon makiyayi yake tsaye da ƙafa ɗaya, gemunsa na jan ƙasa.

Arzika ya yi sallama. Makiyayin ya sunkuyo ya ce, "Amin, wa alaika, ya kai ɗan Adam. Koma inda ka fito. Shanuna ba sa tashi sai sun ga jan yamma, jan yamma kuwa ya ƙaurace wa ƙasar nan tun kafin a haifi kakan kakanka. Wanda ya kutsa cikinsu, su tattake shi."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, ina yamma take a nan?" Makiyayin ya nuna wani falalen dutse. Arzika ya kwance ƙullin jar ƙasar da ya ɗebo daga gaɓar tafki tun kafin a naɗe shi, ya dama, ya hau dutsen ya yi ta shafawa da tafin hannu, ja mai kauri daga ƙasa, yana tsinkewa yana tafiya sama. Bai sauko ba sai da ƙullin ya ƙare tas. Wata tsohuwar saniya ta ɗaga kai ta yi kuka, garke duka ya juya ya nufi gida, ƙasa na girgiza. Makiyayin ya sauke ɗayar ƙafarsa ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Wuce, mai hannun albarka. Amma ka sani, kowace ƙofa a gabanka sai ta ci wani abu naka."

Gaskiya ya faɗa. Arzika ya isa wani kogi mai faɗi wanda babu ruwa cikinsa sai rairayi, rairayin kuwa gudu yake yana tumbatsa. Ya jefa tsakuwa, ta nutse nan take. A bakin kogin wani tsoho yake zaune cikin kwalekwale, fuskarsa a ƙeya, ƙeyarsa a gaba.

Tsohon ya ce, "Ya kai mai tafiya, jirgina ba ya hawa rairayi. Shuɗi kaɗai ya sani. Kana da shuɗi?"

Arzika ya ce, "Ina da shi, Baba, amma na tafkin garinmu ne."

Tsohon ya ce, "To zauna da abinka, ni ma ina zaune."

Arzika ya ciro ƙoƙon shuninsa, ransa na ƙuna, don ya sha wuya kafin ya haɗa shi. Ya kwanta rub da ciki a goshin jirgin yana ja wa rairayi layin shuɗi, jirgin na bin layin. Suna dab da gaɓa shunin ya ƙare, jirgin ya tsaya, rairayi ya fara haɗiye shi. Arzika ya yi bismilla ya daka tsalle, ya kama saiwar wata bishiya ya haye da kyar.

Daga nan ya shiga wani tsagin dutse mai duhun da ke cin sawun mutum, sai da ya barbaɗe farar ƙasarsa duka kafin hanya ta yarda ta nuna kanta. Baƙar lakar kuwa wata macijiya mai kai bakwai ya ba, ta liƙe tsagaggen ƙwanta, ta janye jikinta daga bakin ƙofa. Duk tafiyar nan bai ga ruwan alwala ba, taimama yake yi. Da ya fito daga dutsen, abin da ya rage a gafakarsa ƙyalle ne guda, da dunƙulen ƙaro, da gashin akuya.

Sai ga Birnin Zurfi a gabansa. Gidajensa ruwa ne a tsaye, ba bango ba ginshiƙi, kifaye na kai da kawowa cikin katanga. A dandalin fada kuwa ya ga abin da ya tsayar da shi cak. Tafkuna ne da ƙoramu na garuruwa barkatai, an naɗe su an jingine. Ya gane namu tun daga nesa, don ga reshen tsamiya ya leƙo ta bakin naɗin, yana ɗigar da ruwa.

Aka kai shi gaban Magajiyar Zurfi, sarauniyar wurin. Gashinta na kwarara ƙasa yana komawa kanta, idanunta kore shar. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, da idonta ya kai kan dugadugansa sai fadawa suka rufe baki suna ƙunshe dariya.

Ta ce, "Mun san ka, ɗan Adam. Kai ne mai yi mana sallama kafin ka ɗebi ƙasa. Me ke tafe da kai?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tafkinmu na zo biko. Gari na mutuwa da ƙishirwa."

Ta ce, "Naku? Dokarmu ta fi garinku tsufa. Wurin da masu shi suka daina gani, ya zama namu. Mutanenka sukan zo su ɗiba su juya baya. Tambayi kowanensu launin ruwan da la'asar, ka ji ko zai faɗa. Abin da ba a kallo ba a rasa shi ba."

Arzika ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya ja zamaninki, ni na kalla. In mutum ɗaya ya isa shaida, ga ni."

Magajiya ta ce, "Ya isa, in ya tabbata. Zana mana shi ba tare da an warware maka ba. Abin da ka sa a ƙyallenka, shi za ka koma da shi. Abin da ka manta ya zauna nan har abada. In zanen bai zama shi ba, kai ma ka zauna, mu naɗe ka mu jingine."

Ta tafa hannu, aka buɗe wani zaure. Arzika ya leƙa. Tukwane ne jere cike da launukan da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba, wani shuɗin har motsi yake, wani jan yana ɗumi. Duk mai zane a duniya zai ba da hannunsa na hagu don ya tsoma tsinke a ciki sau ɗaya. Arzika ma mutum ne, yawunsa ya tsinke, ya tsaya ya daɗe a bakin ƙofa. Sannan ya ja da baya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Ban iya zane a cikin ɗaki ba, sai inda iska za ta taɓa ni. Kuma ba na zana wuri sai da ƙasarsa."

Ta ce, "Ina ƙasar? Gafakarka wayam take, mun gani. Tafkin kuwa ba za ka taɓa shi ba."

Arzika ya juya. Ya fita dandali ya zauna a ƙasa yana fuskantar naɗaɗɗen tafkin, ya miƙe ƙafafu. Ya tuna Tasalla a ƙofar gida da dutsenta. Da ya tuna dutsen sai ya dubi ƙafarsa, ya tanƙwaro ta, ya ƙura wa fason ido. Can cikin ramukan ga ja, ga baƙi, ga ruwan ƙasa, sun daskare hawa-hawa. Gaɓar gabas ce, da lakar bakin ruwa, da turɓayar gindin tsamiya, na shekara da shekaru, waɗanda dutsen Tasalla bai taɓa cim musu ba.

Arzika ya kwashe da dariya har fadawa suka firgita. Ya roƙi ruwa cikin ƙoƙo, ya jiƙa ƙaronsa. Ya karyi tsinke ya shiga tono. Ya ware ja gefe, baƙi gefe, a kan ganye. Ya kankare ƙarƙashin faratansa, ya kakkaɓe ninkin hularsa, ya jiƙa wuyan rigarsa ta shuni ya matse shuɗin da ke ciki. Duka-duka abin bai cika cokali ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, Arzika kuwa ranar ya nuna shi maci ne.

Ya yage ƙyallen ya rage girmansa, ya fara. Bai ɓarnatar da ko ɗigo ba. Ruwan ma bai shafa masa komai ba sai ɗan shuɗi a gefe, ya bar farin ƙyallen ya zama hasken la'asar a kan tafki. Ya ja lakar bakin ruwa, ya sa mashayar shanu inda ƙasa ta zaizaye, ya sa duwatsun wanki, ya ɗiga ganyen bado. A kusa da tsamiya ya yi wani ɗan zagaye siriri, inda ruwa ke murɗawa ko babu iska, don ya daɗe da lura cewa nan ne idon da ke ciyar da tafkin. Da ya zo kan gaɓar gabas sai ja ya ƙare. Ya koma wa dugadugansa ya tona, ya ƙara tonawa, har ƙasar ta fito haɗe da jini. Ya cije leɓe ya shafa haka nan.

Aljanu suka kewaye shi, dariya ta ɗauke. Da ya ɗaga hannu, sai naɗaɗɗen tafkin ya yi wata girgiza a jikin katanga, ganyen badon da ke cikin zanen ya motsa.

Magajiya ta sauko da kanta ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Shi ne. Da ka tsoma tsinkenka cikin tukwanenmu, da zanen ya zama namu, kai ma ka zama namu. Amma ka yi asara, mai faso. Ba kifi a ciki, ba tsuntsu, ba kwaɗo. Mataccen ruwa za ka kai wa mutanenka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, nawa shi ne in gyara masauki. Baƙi Allah ke kawo su."

Ta sa yatsa a kan wani duhu mai sanyi a gindin tsamiyar ta ce, "Wannan fa? Ka zuba sauran baƙinka duka a nan, ga shi babu komai a wurin."

Ya ce, "Inuwarku ce. Na san nan kuke zama, shi ya sa ban taɓa jingina allona a wurin ba. In kun ga dama ku dawo, ɗakinku na nan."

Aka ga ruwan gidajen birnin ya yi rawa, masu sani suka ce haka yake yi in Magajiya ta ji abu ya taɓa zuciyarta. Ta ce, "Ɗauki abinka. Ka shimfiɗa shi inda tafkin yake, amma ba zai buɗe ba sai mutanenka sun kalle shi da gaske. Rufe idonka."

Ya rufe, ya buɗe, sai ga shi a bakin garinmu, la'asar sakaliya. Ya tarar an fara ɗaure kaya a kan jakuna. Ya taka yana ɗingishi har tsakiyar filin, ya shimfiɗa ɗan ƙyallen da bai fi faifai ba. Wani ya ce, "Wannan ne tafkin? Ashe rana ta gama taɓa mutumin nan." Arzika ya ce, "Ku dai zo ku duba."

Aka taru a kansa ana gunaguni, ƙyalle na nan ƙyalle. Can sai wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, ga dutsen da nake wanki!" Wani makiyayi ya ce, "Ga inda bijimina ya zame bara." Sarkin ruwa Jatau ya nuna ɗan zagayen nan da yatsa, ya ce shi da ya tsufa a kan ruwan bai taɓa lura da shi ba. Kowa ya shiga neman nasa wurin, masu kuka na yi, masu dariya na yi. Suna cikin haka ruwa ya ɓulɓulo daga zagayen, ƙyallen ya fara faɗi, ƙasa ta fara lotsawa. Arzika ya ce, "Ku ja baya!" Aka watse da gudu, aka tsaya kan tudu ana kallo, har tsamiya ta miƙe ta sunkuya a inda take.

Zanen kuwa ya tafi ke nan. Shi ne mafi kyan abin da hannunsa ya taɓa yi, kuma ba wanda zai sake ganinsa. Na ga Arzika ya tsaya yana duban inda ya nutse, idonsa ya ciko, amma ƙirjinsa a buɗe, kansa a sama. Kafin rana ta faɗi balbelu suka sauka a mashaya, kwaɗi suka ɗauki kuka, wani abu ya yi tsalle a tsakiyar ruwa ya koma. Reshen tsamiya kuma ya kaɗa alhali ba iska, Arzika ya juya wajen ya yi sallama.

Tasalla ta ratso taron ta durƙusa a gabansa ta ce, "Malam, miƙo ƙafar." Ya ga dutsen nan a hannunta, ya noƙe. Ta dubi dugadugan, ta dubi gaɓar gabas da ta fi da ja, ta gane abin da ya faru ba tare da an gaya mata ba. Sai ta miƙe ta wurga dutsen cikin tafki iya ƙarfinta, ta kwance man kaɗe daga bakin zanenta ta shiga shafa masa a hankali.

Har gobe in ka zo Marken Tudu da la'asar za ka ga mutane zaune a bakin Tafkin Bado, ba ɗiba suke ba, ba wanki ba, kallo kawai. In kuma ka ga gaɓar gabas ta fi kowace ƙasa ja, ka tambayi duk yaron da ka samu. Zai ɗaga maka dugadugansa ya nuna, ya ce jinin Arzika ne, jinin namu.